Ni Na Rufe But Ɗin

Ni na rufe but ɗin motar. Wannan ban taɓa musunsa ba, ba kuma yau zan fara ba. Abin da nake musu shi ne sauran maganar, wadda ɗana ya faɗa a ƙofar gida da muryar da ta kai bakin titi, wadda har yanzu dangi ke yawo da ita a waya suna dariya. Ban yi makaranta ba. Maƙwabciyata ce ke riƙe da biro, na kuma gaya mata in ta gyara mini magana don ta yi daɗin ji, zan gane idan an karanto mini.

A sama nake zaune, ɗaki da falo da ɗan kicin, inda muka tare da mijina tun ina hawa matakala da tulu a kai. Mai fenti ne, Allah ya ji ƙansa. A ƙasa akwai shagon Tela, wanda ya fi wasu 'yan uwan sanin halin da nake ciki, don ƙarar kekensa nake ji tun safe, shi kuma yana jin takuna a bisa kansa. 'Ya'yana biyu ne a kusa. Babban, unguwa na kiransa Manaja saboda ofishin da yake riƙe. Sai Auta, wadda ta aurar da 'yarta amma sunan bai sake ta ba.

Abin da ya jawo maganar ba wani abu ba ne, tukunya ce. Na ɗora ta na sauko wurin Tela karɓar ɗinki, hira ta yi daɗi, sai da hayaƙi ya fito ta taga. Tukunyar ta ƙone, bango ya yi baƙi, ba wanda ya ji ciwo. Daga nan aka fara kallona. In na kira jika da sunan ɗan'uwansa, sai su kalli juna. In na nemi tabarau alhali yana goshina, sai su kalli juna. Kowa na yin wannan, amma ni kaɗai ake tara wa.

Rannan suka zo tare da hantsi, suka ce za a kai ni likita ya duba ni, daga can in kwana biyu gidan Manaja in huta. Ban so ba, amma na ce to. Auta ta ce in sauka in jira a bencin Tela, su za su haɗo mini 'yan kaya. Manaja ya buɗe but, ya cire takalmin ofis ya ajiye a ciki, ya zura silifas, don ba ya son na ofis ya goge a matakala. Suka yi ta hawa da sauka. Na ga ƙunshi a cikin bargona, na ga akwati. Na ce wannan kaya haka na kwana biyu ne? Auta ta ce ai gara su yi yawa da a rasa. A saukowarta ta ƙarshe kafin ta koma ɗauko mayafinta da ta manta, na hango makullin ɗakina a hannunta, ta jefa shi a jakarta ta ja zif. Zuciyata ta ajiye wannan.

Suna sama su biyun aka fara yayyafi. But na hangame, kayana na ciki. Wace mace ce mai hankali za ta zauna tana kallon ruwa na sauka a kan bargonta? Na tashi, na tura 'yar jakata ta magunguna ciki don kada ta jiƙe, na danna murfin har ya yi ƙara. Na koma benci.

Manaja ya sauko yana amsa waya, ya laluba aljihun dama, ya laluba na hagu, ya dafa ƙirji. Ya tsaya. Ya ja murfin but, ko motsi. Ya tambaya wa ya rufe, na ce ni. Sai ya kashe wayar ya ce ina makullin motar da ya ba ni in riƙe masa.

Na ce bai ba ni komai ba.

Ya ce ya ba ni, hannu da hannu, ina zaune a nan bencin. Auta ta ce ai Mama duk abin da aka miƙa mata a jaka take zubawa, ina jakar? Na ce tana cikin but. Suka kalli juna, irin kallon nan. A lokacin mutane sun fara fakewa a rumfar shagon saboda ruwa, mai sayar da katin waya da wasu mata da ban sani ba. A gabansu ɗana ya juya wajen Tela, ya ɗaga hannu, ya nuna kansa da yatsa.

"Ka gani ko? Abin da muke fama da shi ke nan. Kan ya fara tafiya, ita kuma ba ta yarda."

Ba ni ya gaya wa ba. Ina zaune kusa da shi kamar buhu, yana ba da labarina. Tela ya sunkuyar da kai ya kama warware wani ɗinki da ba shi da laifi.

Ƙofofin motar a buɗe suke, amma ba su da amfani. Abin da ake ja daga wurin direba but ya buɗe, wayarsa ta tsinke tun bara, kullum Manaja na cewa zai gyara. Ɗaya makullin yana jakar matarsa, ita kuma ta yi tafiya wajen iyayenta. Wannan duk ba wanda ya kira shi tafiyar kai. Tela ya buga wa wani bakanike da ya sani, aka ce yana hanya.

A zaman jiran nan ne abin ya fi ci mini rai, kuma zan faɗa yadda yake. Na fara tambayar kaina ko da gaske ya ba ni. Na buɗe tafin hannuna ina kallo, kamar makulli na barin sawu. Na bi safiyar daga farko: na sauko, na gaida Tela, na zauna, na ga an wuce da akwati. A tsakani akwai wuraren da ba na tuna komai, kamar yadda kowace safiya take da su. To in a ɗaya daga cikin ramukan nan ya miƙo mini fa? In har za a sa mini ƙarfe a hannu in karɓa in ajiye ban sani ba, to sun yi gaskiya, bai kamata a bar ni da wuta da ƙofa ni kaɗai ba. Na ɗaga kai na dubi tagata, da labulen da na ɗinka da hannuna. Na ji sanyi ya shige ni wanda ba na ruwan ba ne.

Manaja na kai da kawowa a gabana yana ba wa ofishin likita haƙuri a waya. Kaina na ƙasa, don haka ƙafafunsa kawai nake gani. Silifas, ruwa na fallatsa masa a dunduniya. Ya wuce, ya dawo, ya wuce. Sai na ga ƙafar ubansa.

Mijina in ya isa wurin aiki, kafin ya taɓa gwangwanin fenti sai ya cire takalmin fita ya sa wani tsoho da ya sha ɗigo. Wandon aikinsa ba aljihun kirki, don haka makulli da agogo yakan zura su cikin takalmin da ya cire, na hagu, ya tura can ciki wajen yatsu. Yana cewa ɓarawo na laluba aljihu, ba ya sansana takalmi. A gida ma haka yake yi. Yaran sun tashi suna gani, babban kuwa, da ya riƙa bin sa yana riƙe masa tsani lokacin hutu, ya ɗauke abin ɗungurungum. Ya girma, ya sa kwat, ya zama Manaja, amma in ya cire takalmi hannunsa na yin abin da ya saba ba tare da ya shawarce shi ba. Na sha ganinsa a ƙofar ɗakina.

Sanyin ya sake ni. Na san in na faɗa a lokacin, za a ce tsohuwa na kame-kame.

Bakaniken ya iso a kan babur, ƙato, mai fara'a, rigarsa duk baƙin mai. Ya durƙusa ya gaishe ni, ya ce amaryarsa ce ta kulle musu kaya don kada a tafi da ita? Na ce ya fara wanke hannu kafin ya yi maganar aure. Ya yi dariya ya shiga bayan motar. Ya ce fasa kwaɗon ba shi da wuya amma ɓarna ce, gara a bi ta ciki. Ya kwance majinginar kujerar baya ya fito da ita ya jingine a rumfa. Bayanta ƙarfe ne ya raba mazauni da but, da 'yan ƙofofi zagayayyu a jikinsa, kowace ba ta fi bakin kofi ba. Ya haska da fitilar waya, ya ce ba abin da ake gani sai bargo. Ya zura hannu, bai wuce tsintsiyar hannu ba. Manaja ya naɗe hannun riga ya gwada, nasa ko nan bai kai ba. Auta ta cire awarwaro ta gwada, ta ce ƙarfen zai yanke ta.

Bakaniken ya waiwayo ya dubi hannuwana. Sun bushe kamar icen girki, na sani, ba sai an gaya mini ba.

"Amarya, sai ke fa. Ki lalubo jakarki, ki zuge ta, ki zaro mana shi."

Manaja ya ce a'a, gwiwoyina ba za su ɗauka ba. Na ce gwiwoyin da suka haife shi za su ɗauki wannan. Tela ya kawo matashi aka sa mini. Na rarrafa na shiga, na durƙusa, na zura hannu har kafaɗa, kuncina da kunnena suka manne da ƙarfen.

Sai na ji ƙas, ƙas, ƙas, a hankali daga cikin duhun. Na san wannan bugun kamar yadda na san tarin mijina. Agogon bangona ne. Yatsuna suka bi ta ƙarƙashin bargon suka taɓa gilashinsa, suka taɓa wani gilashin a gefensa mai katako a baki, hoton ubansu ke nan. Ba a cire agogo daga bango don kwana biyu. Na tsaya haka, hannuna a kansa, har bakaniken ya tambaya ko na maƙale.

Jakata na ji ta, ban ko tsaya a kanta ba. Na bi gefe, wajen tudun taya, inda na ga Manaja ya ajiye takalmansa da safe. Fata mai santsi, igiya, bakin takalmi. Na farko wayam. Na biyu na tura yatsu can ciki, sai ga shi, sanyi ƙalau, da ɗan zoben da ke jikinsa.

Na riƙe shi. Da na zaro shi da an gama, kowa ya huta, mu kama hanya. Amma wa ya ga inda na ɗauko shi? Duhu ne, hannuna ne kaɗai a ciki. In na ce a takalmi yake, Auta za ta ce to Mama, shi ke nan, ba komai, da muryar da ake lallashin yaro. Manaja zai karɓa ya tada mota. Kafin la'asar ina wani ɗaki a gidansa, agogona a jingine a ƙasa, labari kuma ya zauna yadda ya faɗe shi. Na mayar da makullin inda yake, na ƙara tura shi ciki. Na zaro hannuna, ƙarfen ya karce ni a damtse.

Suka ce ban samu ba? Na ce na samu.

"Na taɓa shi da yatsun nan. Ba zan ciro ba. A buɗe but ɗin kowa ya ga inda yake kwance."

Manaja ya ce don Allah Mama, lokacin likita zai wuce, da ƙyar ya samu. Na ce ya wuce. Ya ce wannan wace irin rigima ce a titi, mutane na kallo. Na ce ɗazu ma suna kallo, bai dame shi ba. Auta ta dafa ni ta fara lallashi, na cire hannunta. Na koma benci na zauna, na ce wa bakaniken aikinsa ne, ya san yadda zai yi.

Ya sosa ƙeya ya ce akwai hanya, sai dai tana cin rai: a zura dogon ƙarfe mai ƙugiya ta ƙofar nan har ya kai kwaɗon daga ciki, a ja. Bai zo da irinsa ba. Tela ya tashi ya ɗauko sandar ƙarfen da yake jawo ƙofar shagonsa da ita in zai rufe, ya miƙa masa. Bai kalli kowa ba ya koma kan kekensa.

An daɗe. Ƙarfen ya yi ta karo da akwati, ya kama bargo, ya kuɓuce. Bakaniken na kwance rabi a mota rabi a waje, yana gumi yana yi wa wanda ya ƙera motar addu'ar da ba ta alheri ba. Ruwa ya ɗauke, amma masu fakewa ba su tafi ba. Manaja ya daina waya, ya jingina da bango ya harɗe hannu. Ni kuwa ina zaune ina danne karcen da gefen zanena. Ba na jin tsoro kuma, amma ba na jin daɗi. Ɗana ne. Na san abin da ke jiransa a cikin but ɗin, na kuma bar shi ya tsaya yana jira.

Can sai muka ji ƙwas, murfin ya ɗaga kaɗan. Manaja ya yunƙura, na ce kada wanda ya taɓa komai. Na ce Tela ya zo, shi da aka kafa shaida ɗazu. Na ce ya ɗauko takalmin hagu ya kife shi.

Makullin ya faɗo kan kwalta, ya yi 'yar ƙara. Ba wanda ya yi dariya, har bakaniken.

Manaja ya dubi makullin, ya dubi silifas ɗin ƙafarsa. Na zaci zan ga kunya, na kuwa gani, amma akwai wani abu a bayanta. Ya ce, da muryar da ni kaɗai da Tela muka ji, "Wallahi Mama na tuna na ba ki. Ina ganin hannunki." Na yarda da shi. Ba ƙarya ya yi ba, kansa ne ya ɗinka masa abin da bai faru ba, ya kuma rantse a kai. Irin tsoron da na ji a bencin nan, shi na gani a idonsa. Da ni ce na yi haka, da an ƙara a kan tukunya. Shi da ya yi, kafin yamma Auta na cewa aiki ne ya yi wa Yaya yawa.

Na yaye bargon. Agogo, hoto, da gwangwanin da burushin ubansu ke ciki. Na tambayi Auta ko likitan ne ya ce a zo da su. Ta fashe da kuka, ta ce ba ta barci, kullum tana ganin an bugo mata waya an ce gidan ya kama. Na san gaskiya ta faɗa. Na ce tsoronta na ji shi, amma tsoro bai ba ta izinin kwashe ni kamar kayan wanki ba, da bakina da kunnena. Na miƙa hannu. Ta zuge jaka ta sa mini makullin ɗakina a tafi.

Su suka mayar da kayan sama. Manaja da kansa ya hau kujera ya rataye agogon a ƙusarsa. Da zai tafi ya durƙusa a bakin ƙofa ya ce in yi haƙuri. Na ce ba a nan ya yi laifin ba. Ya sauka, ya buɗe but zai sa takalmi, ya tarar da ƙafa ɗaya. Ɗayar na hau da ita a ƙarƙashin mayafina. Na leƙo ta taga na gaya masa tana wurina, zai karɓa ranar da ya tsaya a ƙofar shagon nan ya janye maganarsa da irin muryar da ya yi ta.

Likitan na je daga baya, da ƙafata, ni da wannan mai rubutun. Ya yi mini tambayoyi, wasu na amsa, wasu na ce masa ko shi sai ya duba takarda. Ya canza mini magani ɗaya ya ce in riƙa dawowa, ina kuma komawa. In na ɗora tukunya yanzu, ina ɗaura zare a yatsa, ba na kwancewa sai na sauke. Ban ce ba zan taɓa barin ɗakin nan ba. Ranar da kaina ya tafi da gaske, a zaunar da ni a gaya mini a fuskata, in ma ban gane ba an dai gaya mini.

Manaja na zuwa duk mako da cefane, cikin sabon takalmi. Ba ya tambayar tsohon, ni ma ba na tayarwa. Kwanaki Tela ya hau ya ce mini Manaja ya kawo wando a rage masa, yana cikin gwaji ya ce, ƙasa-ƙasa, wai ranar nan shi ne ya yi kuskure, Mama lafiyarta lau. Tela ya ce to ai ya faɗa, in mayar masa da abinsa. Na tambaye shi ko mai katin waya ya ji. Ya ce a'a. Matan nan fa? Ya ce ai bai ma san su ba. Na ce to da sauransa. Dangin da ke dariya a waya ma ba wanda ya bi su da gyara, shi ya sa na sa a rubuta wannan, a karanta musu.

Takalmin yana kan kanta, ƙarƙashin agogo. Fata ce mai kyau, ba na son ta bushe, don haka nakan shafa mata mai in goge. Da yamma in na kulle ƙofa, a ciki nake zura makullina, can wajen yatsu.